Neman gurbin karatun addini a ƙasar waje: Abin da Madina, Azhar da makarantun tauhidi ke nema daga ɗalibin Najeriya

A kowace shekara, matasa da dama daga sassan Najeriya kan haɗa takardunsu domin neman gurbin karatun addini a ƙasashen waje. Wasu Madina ko Makka ko Alƙahira suke hari, wasu kuma Roma ko Nairobi ko makarantun tauhidi na Amurka da Birtaniya. Sau da yawa takarda ce ke kayar da mai nema tun kafin a kai ga duba iliminsa: ko shekarunsa sun haura, ko sunan da ke fasfonsa ya saɓa da na takardar sakandare, ko kuma makarantar da ya gama ba ta cikin waɗanda jami'ar ta amince da su. Akwai kuma waɗanda kan samu gurbin, su yi shekaru suna karatu, sai bayan sun dawo gida su tarar da wata sabuwar matsala wajen tantance shaidar da suka zo da ita.

Fita neman irin wannan ilimi tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Masanin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, ya kawo labarin makarantar Ibn Rashiƙ, wadda aka gina a tsohon birnin Alƙahira a tsakiyar ƙarni na 13 da kuɗin mahajjatan Kanem, aka riƙa karantar da fiƙihun Malikiyya a cikinta. Daga baya ɗaliban Barno suka samu nasu ɓangaren a masallacin Azhar. A ƙarnin da ya gabata, marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht al-Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, yayin da marigayi Byang Kato, ɗan asalin Kwoi a jihar Kaduna ta yanzu, ya yi karatun tauhidi a Landan, sannan ya samu digirin digirgir a makarantar tauhidi ta Dallas da ke Amurka a farkon shekarun 1970. Abin da ya sauya daga wancan zamani zuwa yau shi ne yawan masu nema da kuma tsaurin ƙa'idoji.

Madina: shekaru, takardar yabo da haƙurin jira

An kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, da manufar karantar da ɗalibai daga ƙasashen duniya, shi ya sa baƙi ke da babban kaso a cikinta. Tsoffin kwalejojinta su ne na Shari'a, Alƙur'ani, Hadisi, Da'awa da Usuluddini, da kuma Harshen Larabci. Malamai sanannu a Arewa sun fito daga cikinta, irin su marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Dakta Muhammad Sani Umar Rijiyar Lemo, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa sunanta ya fi na kowace jami'ar Saudiyya yawo a bakin matasa.

Sharaɗin farko, wanda ba a cika yin sassauci a kansa ba, shi ne na shekaru. Ƙa'idojin tallafin karatu na Saudiyya sun tanadi cewa mai neman digirin farko ko shiga cibiyar koyon Larabci ya kasance tsakanin shekara 17 zuwa 25. Mai neman digiri na biyu kada ya wuce 30, na digirgir kuma 35. Haka nan ana so takardar kammala sakandare kada ta wuce shekara biyar da fitowa. Wannan sharaɗi na biyu ya fi cutar da ɗaliban da suka gama sakandare suka koma zaure ko makarantar haddar Alƙur'ani na wasu shekaru. Iliminsu ya ƙaru, amma takardarsu ta tsufa. Wanda ke da niyyar Madina ya kamata ya fara nema tun a shekarar da sakamakonsa ya fito, ya ci gaba da karatunsa yana jira.

Sai kuma takardar yabo, wadda ake kira tazkiyya. Ana buƙatar ta fito daga wata cibiyar addini da aka sani ko daga malamin da jami'ar za ta iya gane shi. Amfaninta shi ne ta shaidi halin ɗalibi da himmarsa, don haka wasiƙar malamin da ya karantar da shi shekara uku, ya kuma faɗi littattafan da ya sauke a gabansa, ta fi nauyi a kan wasiƙar babban mutum da bai taɓa ganinsa ba sai ranar da aka kai shi gaisuwa. Sauran takardun su ne fasfo, takardar haihuwa, sakamakon gwajin lafiya da hotuna. Wanda ya musulunta daga baya yakan haɗa da takardar shaidar musuluntarsa.

Tun daga 2022, Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta buɗe dandalin intanet mai suna Study in Saudi, inda ɗalibin waje ke neman gurbi a jami'o'in ƙasar. Wannan ya ba mai nema damar duba wasu jami'o'in ban da Madina, kamar Ummul Ƙura a Makka da Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud a Riyadh, waɗanda su ma suna da kwalejojin shari'a da cibiyoyin koyar da Larabci. Ga 'yan mata wannan ya fi muhimmanci, domin an san Jami'ar Madina da karɓar maza tun kafuwarta. Ƙa'idojin tallafin sun daɗe suna ɗauke da sharaɗin muharrami ga ɗaliba, saboda haka iyaye su karanta abin da jami'ar da aka zaɓa ta rubuta a kan wannan batu kafin a fara kashe kuɗin takardu.

Rashin Larabci ba ya hana samun gurbi. Wanda ya zo da takardar WAEC ko NECO, ko wanda Larabcinsa bai kai ba, yakan fara da cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, inda ake yin zango huɗu cikin kimanin shekara biyu kafin a shiga kwaleji. Ke nan digirin shekara huɗu na iya zama shekara shida. Ɗaliban da suka rubuta jarrabawar SAISSCE ta hukumar NBAIS, ko suka fito daga makarantun Larabci masu ƙarfi, sukan tsallake wani ɓangare na wannan mataki bayan gwajin da ake yi musu.

Cikakken tallafi ya ƙunshi karatu kyauta, masauki, kula da lafiya, kuɗin kashewa na wata-wata da tikitin jirgi. An tsara shi ne don ɗalibi shi kaɗai. Magidancin da ke tunanin zai riƙa ciyar da iyali a gida daga wannan alawus ya sake lissafi tun kafin ya tashi.

Akwai kuma batun dillalai. Amsar jami'a takan ɗauki watanni, kuma a cikin wannan jira ne masu cewa suna da hanya ke samun kasuwa. Gurbin tallafi ba abin sayarwa ba ne, kuma sunan wanda aka ɗauka yana fitowa ne a shafinsa na dandalin da ya cike. Biyan mai shagon intanet ladan cike fom ba laifi ba ne, muddin lambar waya da adireshin imel ɗin da aka saka na ɗalibin ne, shi ne kuma ke riƙe da kalmar sirri. Idan saƙon karɓa ya faɗa a imel ɗin mai shago, ɗalibi na iya rasa gurbinsa bai ma san ya samu ba.

Azhar: komai ya rataya a kan mu'adala

Tsarin Azhar daban yake. Masallacin ya samo asali ne tun zamanin daular Faɗimiyya a ƙarni na 10, sannan dokar 1961 ta mayar da cibiyar jami'ar zamani mai kwalejojin likitanci da injiniyanci a gefen na Usuluddini da Shari'a da Larabci. Azhar na da nata makarantun firamare da sakandare, kuma takardar waɗannan makarantu ce mabuɗin shiga jami'ar.

Ga baƙo, tambayar farko ita ce ko makarantar da ya gama tana da mu'adala, wato ko Azhar ta duba manhajarta ta amince cewa takardarta daidai take da tata. Wasu makarantun Larabci a Najeriya suna da wannan amincewa, kuma alaƙar Ilorin da Azhar ta daɗe tun zamanin marigayi Sheikh Kamaluddeen Al-Adaby. Amma mu'adala tana da wa'adi, ana sabunta ta. Makaranta na iya ci gaba da tallata kanta da amincewar da ta riga ta ƙare, don haka ɗalibi ya nemi ganin takardar da ranar da ke jikinta.

Wanda ba shi da mu'adala ba a kore shi ba. Akan yi masa jarrabawar tantance matsayi, a sanya shi a ajin da ya dace da shi a makarantun Azhar na ɗaliban waje, wani a babbar sakandare, wani ma a ƙarama. A nan ne da yawa ke shan mamaki: matashin da ya bar gida da sunan zai shiga jami'a sai ya tsinci kansa yana maimaita sakandare na shekara biyu ko uku ko fiye. Karatun da zai samu a wannan mataki mai inganci ne, amma gara shi da iyayensa su san da haka tun farko, domin kuɗin da aka tanada na shekara huɗu ba zai kai shi bakwai ba.

Hanya biyu ake bi zuwa Azhar. Akwai guraben tallafi da ake nema ta ofishin jakadancin Masar, waɗanda masu su kan samu masauki a unguwar ɗaliban waje da ake kira Madinatul Bu'us. Akwai kuma masu zuwa da kuɗinsu, waɗanda ke kama haya, galibi a yankin Madinat Nasr inda babbar harabar jami'ar take. Waɗannan su ne ke ɗaukar nauyin abinci, haya da sabunta takardar izinin zama. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a cikin 2024, abin da ya ninka wa iyaye nauyin kowane ɗalibi da ke waje. Wani abin da ba a cika faɗa wa sabon zuwa ba shi ne, Larabcin kan titin Alƙahira ya sha bamban da na littafi, kuma wasu malaman ma kan gauraya shi cikin darasi.

Bambancin Madina da Azhar bai tsaya a kan takardu ba. Azhar na karantar da aƙida bisa tafarkin Ash'ariyya da Maturidiyya, tana kuma bai wa ɗalibi damar karanta fiƙihu a mazhabarsa, ciki har da Malikiyya da aka saba da ita a Afirka ta Yamma. Madina kuwa tana kan tafarkin Salafiyya a aƙida, kuma kwalejin Shari'arta ta shahara da karantar da fiƙihun kwatanta mazhabobi ta littafin Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushd. Ɗalibi da malaminsa ne za su auna wanne ya dace da shi, amma bai kamata a zaɓi makaranta don alawus ko don kusanci da Harami kawai ba, alhali ba a san abin da za a karanta a cikinta ba.

Sudan ta kasance mafaka ga waɗanda ba su samu Saudiyya ko Masar ba, musamman Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tilasta kwashe ɗaliban Najeriya ta kan iyakar Masar da kuma tashar Port Sudan, karatun da yawa ya katse. Tun daga lokacin ya zama wajibi ga duk ɗalibin da ke waje ya riƙa karɓar sakamakon kowane zango yana ajiye kwafinsa a imel. Kusa da gida kuma akwai Jami'ar Musulunci da ke Say a Jamhuriyar Nijar, wadda Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta kafa, ta fara aiki a 1986.

Makarantun tauhidi na Kirista

Ga ɗalibin Kirista, matakin farko yakan fara ne daga ikilisiyarsa. A ɗarikar Katolika, bishop ko shugaban ƙungiyar limaman da mutum yake ciki ne ke tura shi, kuma jami'o'in Paparoma da ke Roma sukan nemi wasiƙar wannan shugaba kafin su yi wa limami ko ɗalibin limanci rajista. Jami'ar Urbaniana, wadda tushenta ya koma ga kwalejin da Paparoma Urban na Takwas ya kafa a 1627, ta horar da limaman Afirka da dama, ciki har da Kadinal Francis Arinze. Yawancin darussa a can da harshen Italiyanci ake yi, don haka koyon harshen na cikin shirin tafiya.

A makarantun Furotesta na Amurka da Kanada, babban digirin horar da fastoci shi ne wanda ake kira M.Div, wanda kan ɗauki shekara uku, kuma sai mai digirin farko ake ɗauka. Wannan yakan zo wa masu difloma daga makarantun Littafi Mai Tsarki a ba-zata. Ba dole ne digirin farkon ya zama na tauhidi ba, amma dole ya fito daga makarantar da aka amince da ita, kuma makarantu da yawa kan tura takardun baƙo ga wata hukuma mai zaman kanta, irin su WES, ta auna su da ma'aunin can. Ana kuma neman wasiƙun shaida daga fasto da malaman da suka koyar da mutum, da rubutaccen bayanin rayuwarsa ta bangaskiya da dalilin neman karatun. Wasu makarantun kan yafe wa 'yan Najeriya jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, wasu ba sa yafewa. Hanya mafi sauƙi ta gane sahihiyar makaranta ita ce a duba ko tana cikin jerin ƙungiyar ATS, mai tantance makarantun tauhidi a ƙasashen biyu, domin akwai masu sayar da digirin girmamawa da na bogi da sunan tauhidi.

Samun gurbi rabin tafiya ne. A Amurka, makaranta ba ta bayar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai mai nema ya nuna shaidar kuɗin da zai ishe shi karatu da zama na aƙalla shekarar farko. Bayan haka akwai dala 350 ta rajistar SEVIS da dala 185 ta neman biza. Tallafin da makarantu ke bayarwa sau da yawa kuɗin karatu kawai yake ɗaukewa, ya bar haya da abinci da inshorar lafiya. Doka ta taƙaita aikin ɗalibi ga awa 20 a mako a cikin harabar makaranta lokacin da ake karatu, matarsa kuma, idan ta biyo shi, ba ta da izinin aiki ko kaɗan.

A kan wannan kuma sai ga sauyin manufofin biza. A watan Yulin 2025, Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, sannan a watan Disamban shekarar ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga, matakin da ya shafi bizar ɗalibai daga farkon 2026. Duk wanda ke shirin biyan kuɗin neman gurbi a wata makarantar Amurka ya fara tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadancin ƙasar. Birtaniya ita ma, tun Janairun 2024, ta hana yawancin ɗaliban waje zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike. Ga fasto mai mata da 'ya'ya, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Saboda haka ne ikilisiyoyi da dama ke duba makarantun cikin nahiyar, kamar Jami'ar AIU da ke Nairobi da Cibiyar Akrofi-Christaller da ke Akropong a Ghana, ko su sa ɗalibi ya yi digirin farko da na biyu a gida, a TCNN da ke Bukuru ko JETS da ke Jos, sannan ya nemi na digirgir a waje. A wannan mataki na ƙarshe akwai tallafi irin na shirin Langham, wanda John Stott ya assasa, mai ɗaukar nauyin malaman tauhidi daga ƙasashe masu tasowa bisa fahimtar cewa za su koma gida su koyar.

Hatimi kafin tafiya, tantancewa bayan dawowa

Ko wace makaranta aka nufa, takardun Najeriya sukan bi layi guda kafin wata ƙasa ta karɓe su: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya sa nasa. Inda ake buƙatar fassara zuwa Larabci, a kai wa mai fassarar da ofishin jakadancin ya amince da shi, a kuma duba yadda ya rubuta suna. Muhammad da Mohammed da Muhammadu suna ɗaya ne a wurin Bahaushe, amma a wurin jami'in da ke kwatanta fasfo da takardar sakandare mutum uku ne. Haka abin yake ga ranar haihuwa. Gyara irin wannan saɓani a lambar NIN da fasfo yakan ci makonni, kuma ya fi sauƙi a yi shi kafin a buɗe dandalin nema.

Bayan kammala karatu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke auna digirin da aka samo daga waje, kuma da wannan ne ake shiga aikin yi wa ƙasa hidima ko a nemi aikin gwamnati ko ƙarin karatu a jami'o'in gida. Ma'aikatar ta nuna da gaske take a watan Janairun 2024, lokacin da ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani binciken ɗan jarida ya bankaɗo yadda ake sayen digiri cikin 'yan makonni a Kwatano. A nan ne ake gane bambanci tsakanin jami'ar da gwamnatin ƙasarta ta yi wa rajista da cibiyar karatu mai zaman kanta. Ijazar da malami ya bai wa ɗalibi a masallaci tana da daraja a wurin malamai, amma ma'aikata ba ta lissafa ta a matsayin digiri.

Hukumar NYSC kan nemi wanda ya yi karatu a waje ya gabatar da ainihin takardar digiri, sakamakon darussa na dukkan shekaru, takardar sakandare, da fassarar Turanci idan takardun da wani harshe aka rubuta su. Tana kuma duba fasfon da aka yi tafiya da shi domin ganin hatimin fita da na dawowa, saboda haka tsohon fasfo, ko da wa'adinsa ya ƙare, ba abin yarwa ba ne. Wanda ya kammala digirinsa bayan ya haura shekara 30 kuwa, takardar yafewa ake ba shi a maimakon kiran hidima, kuma ɗaliban Azhar da suka fara daga matakin sakandare sukan faɗa cikin wannan rukuni.